Ƙulli Biyu

Barewar ta riga ta sandare lokacin da Maharbi ya yar da ita a tsakar gida. Baƙin jini na tsiyaya ta hancinta, kaska kuwa sai sauka suke daga jikinta a jere, don ko su sun gane babu sauran abin sha a nan. Ya zaro wuƙa ya yanka maƙogwaron, har da bismilla, kamar akwai wanda zai ruɗa.

"Wannan ma a bakin tafkin ka tsinto ta?" in ji matarsa, ta toshe hanci da gefen zane. "Likitan dabbobi ya ce ciwo ne ke kashe su, duk wadda aka gani a ƙone."

"Shi likitan ke ciyar da ke? Hura wuta ki rufe mini baki. Hayaƙi na kashe komai."

"Kai dai ba ka tsoron Allah, Malam."

"Ke mai tsoron nasa, wa ke gyara mini itacen?"

Ta tsane shi a wannan lokaci, tsana mai ɗaci, don gaskiya ya faɗa. Ta hura wutar.

Suna da ƙa'ida a gidan. Naman da ya harbo da hannunsa, igiyar ɗaurinsa ƙulli ɗaya. Mushe kuwa ƙulli biyu, kuma mai ƙulli biyu ba ya shiga tukunyarsu. Tasha ake kai shi, matafiya su saya su tafi da shi can inda ba a san fuskarsu ba. Abin da ya same su a gaba, ai ba a aiko wa mutum da labari.

*

Da hantsi surukinsu direba ya faɗo gidan ko sallamar kirki babu.

"Mama, ki zo ki ga Auta. Jini take amai."

Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, ga tsohon ciki. Uwar ta same ta a dunƙule kan tabarma, jiki zafi rau, leɓe ya bushe, tana riƙe da mara.

"Me ta ci?"

"Kwaɗayin masu ciki ne, Mama. Naman daji take so. Ta aika wurin Baba ya ce babu, shi ne na sayo mata a tasha."

Ƙafafun uwar suka kai ta madafa ba da saninta ba. Surukin mutum ne mai tattali, ba ya yar da komai. Ya rataye igiyar da aka ɗauro naman da ita a jikin ƙusa, ko za ta yi amfani wata rana. Ta ciro ta, ta shafa da yatsa, ta sake shafawa.

*

An ceto Auta a asibiti. Ɗan cikin bai zo da rai ba.

Da uwar ta dawo gida, Maharbi na zaune gindin ragar ƙyafe nama yana korar ƙuda.

"Yaya jikin nata? Yaran yanzu ba sa jin magana, komai suka gani sai sun kai baki. Kawo mini abinci."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanonsa a rufe, ta dire a gabansa. Ya wanke hannu, ya buɗe.

Igiyar ce kaɗai a ciki, ta yi baƙi da hayaƙi, ƙullinta biyu na nan daram.

Ya daɗe yana kallon ta. A bayansa kitse na ɗiga kan garwashi, gobe kuma ranar kai kaya tasha ce. Cikinsu babu wanda ya tashi ya kashe wutar.