Ranar da Aka 'Yanta Ngalula

Senami ba ta iya tafiya a hankali ba ko ranar da babu komai, balle yau. Tun kafin ɗan zemijan ya gama tsayar da babur ta diro, ta cusa masa kuɗinsa a hannu, ta faɗa shagon kitson Ngalula da ke unguwar Akpakpa tana haki.

"Yana hanya! Jami'in yana hanya! Ke, share gashin nan na ƙasa. Ina ɗankwalinki mai kyau?"

Aikin Senami ke nan a Kwatano. Duk baƙon da ya zo daga ƙasa mai nisa yana son kafa sana'ar kansa, ita ke riƙe masa hannu daga wannan ofis zuwa wancan har katin izini ya fito. Tana son aikin kamar me, kuma ba ta da kunyar yabon kanta. Takan ce ko kurma aka ba ta sai ya amsa tambayar jami'i daidai.

Ngalula kuwa 'yar Kinshasa ce ta ƙasar Kwango, doguwa, mai dariya da ƙarfi, hannunta a kan mace kamar walƙiya. Ta sayar da duk abin da ta mallaka kafin ta taso. Takardunta sun shiga tuni, abu ɗaya ya rage: jami'i ya zo ya gani da idonsa cewa gashin kanta take ci, ba a ƙarƙashin kowa take ba. In ya gamsu, kati ya fito. In bai gamsu ba, a garƙame shago, takardar zamanta ma ta bi ruwa, ta koma gida hannu rabbana.

A bakin ƙofa, kan kujerarta ta kullum, Tanti Akuavi na zaune tana fifita. Gidan nata ne, shagon ma nata ne tun zamanin da yatsunta ke lanƙwasuwa. Ita ta tsinci Ngalula a coci da akwati ɗaya, ta ba ta ɗaki, daga baya ta ba ta hayar shagon. Tun daga ranar ba ta fasa zama a nan ba, tana ba da umarnin da babu wanda ya tambaye ta. Tsohon allonta ma yana nan a saman ƙofa, rana ta cinye fentin amma ana iya karanta sunan Akuavi. Senami ta yi roƙon duniya a sauke shi, tsohuwa ta ce sai dai bayan ranta.

Jami'in ya iso, wani mai tumbi da ake kira Fofo Agbosu, yana goge zufa. Senami ta tare shi da fara'a har kunne, ta ja masa kujera. Ya dubi madubai, ya dubi matajai da kwalaben mai, ya gyaɗa kai. Ya tambayi suna, Ngalula ta faɗa. Ya tambayi sana'a, ta faɗa. Senami na gefe tana motsa leɓe tare da ita, zuciyarta fes, don duk sun bita tare.

Sai ya ɗaga kai ya ga allon.

"Wace ce Akuavi?"

Ngalula ta washe baki, ta nuna tsohuwa da hannu biyu. "Ga ta nan. Uwar ɗakina ce!"

Senami ta dafe kai. Komai ta koya wa yarinyar nan ban da wannan. A can wajensu Ngalula, duk babbar da ta yi maka alheri uwar ɗakinka ce, girmamawa ce kawai. A Kwatano kuwa, mai kitso ta ce tana da uwar ɗaki, ai ta gama faɗa maka 'yar koyo ce.

Fofo Agbosu ya ajiye alƙalami. "Uwar ɗakinki. To, an 'yanta ki?"

"An me?"

"An 'yanta ki, na ce."

Ngalula ta miƙe, ta riƙe ƙugu. "Ni baiwa ce da za a 'yanta ni? Ubana ɗa ne, kakana ɗa ne! Babu mahaluƙin da ya taɓa 'yanta ni, kuma babu mai yi!"

"To, kin ji," in ji shi, ya juya wajen Senami. "Tana da uwar ɗaki, sunan uwar ɗakin na kan ƙofa, ba a kuma 'yanta ta ba. Ke 'yar garin nan ce, ƙanwata. Ki faɗa mini sunan wannan."

"Fofo, don Allah, ba haka take nufi ba. Yarensu ne haka!"

"Ni abin da kunnena ya ji zan rubuta. Ranar Juma'a nake miƙa rahoto."

Ya fita abinsa. Baki shi ke yanka wuya, yau Senami ta ga zahiri. Ta juyo kan Ngalula kamar ta cinye ta ɗanya.

"Ke wace irin mutum ce? Wa ya aike ki? Haya kike biya, da kuɗinki kika sayi kayan nan, ina uwar ɗaki ta shigo?"

"To me zan kira ta? Akuavi gatsal, kamar sa'ata? Matar da ta ba ni tabarma ranar da ba ni da kowa?"

"A nan garin, yarinya in ta gama koyon sana'a, biki ake yi. Ta sa farare, ta durƙusa, uwar ɗakinta ta sa mata albarka a gaban jama'a, ta sallame ta. Shi ne 'yantawa. Wadda ba a yi wa ba, ko ta yi furfura, 'yar koyo ce. Shi ya tambaye ki, ke kuma kika hau kakanninki!"

Tana rufe baki sai ta tsaya cak. Idanunta suka buɗe. Ta tafa hannu, ta yi tsalle har jakarta ta faɗi.

"Ai shi ke nan! Biki yake so? Za a yi biki! Ranar Alhamis za a 'yanta ki, a gaban idonsa!"

"Ni da na koyi kitso a Kinshasa tun ina 'yar ƙarama?"

"In kin je gari kin ga kowa da wutsiya, ke ma nemi taki ki ɗaura. Tanti, kin ji? Ke da kika 'yanta 'yan mata ba iyaka, ai wannan a wajenki kamar shan ruwa ne."

Tanti Akuavi ba ta daina fifita ba. "Ba zan yi ba."

Senami ta ɗauka wasa ne. Ta durƙusa gaban kujerar, ta yi daɗin baki, ta yi kirari, ta ce za a kawo makaɗa, za a yi anko, unguwa kaf za ta san Tanti na nan da ranta. Tsohuwa ta bar ta ta gaji don kanta, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dubi kowa ba.

"Ke yarinya ce, amma kin san al'ada. Wadda aka 'yanta ba ta buɗe shago kusa da na uwar ɗakinta. Duk wadda na sa wa albarka, washegari ta kwashe kayanta. Wata na Fotonobo, wata na Faraku, wata ban ma san inda take ba. Sai a gaishe ni a waya ranar sabuwar shekara. Wannan ita kaɗai ta zauna. Da ita nake cin abinci. Yanzu ki ce in sallame ta da hannuna?"

Tausayi ya kama Senami. Amma gaskiya ɗaya ce, dole ta faɗe ta.

"Tanti, in kin sake ta, wata unguwa za ta koma, ɗan zemijan ya kai ki. In kin riƙe ta, Kinshasa za ta koma."

Mafici ya tsaya. Ngalula na tsaye jikin madubi tana sharar hawaye da bayan hannu. Tsohuwa ta juyo ta dube ta.

"Ku sayo farin leshi," ta ce. "Mai kyau. Ban taɓa 'yanta yarinya cikin tsumma ba."

Daga nan fa Senami ta zama guguwa. Ta shiga kasuwar Dantokpa ta fito da leshi da atamfar anko, ta tsaya kan tela har ya rantse ba zai ƙara karɓar aikinta ba. Ta bi matan da Ngalula ke yi wa kitso gida-gida tana gayyata. Mai hayar rumfa ya ce an kama duka, ta zauna a shagonsa ta ce a nan za ta kwana, sai ga rumfa ta fito. 'Yan Kwango mazauna gari suka ji labari suka ce su ba za a bar su a baya ba, za su zo da kiɗansu. Ta je ofis ta tare Fofo Agbosu a bakin matakala.

"Fofo, gayyata na kawo. Ba na roƙon ka canza ko harafi. Ka zo kawai ka gani, sannan ka rubuta abin da ka gani."

Ya yi mata kallon sama da ƙasa. "Ke dai ba kya gajiya."

"Akwai tuwon amiwo da kaza."

"Zan duba," in ji shi.

Ranar Alhamis da hantsi layin ya toshe. Rumfa ta cika, kujeru suka ƙare, 'yan zemijan masu rigar ɗorawa suka yi cirko-cirko suna leƙe. Mata sun sha anko, mazan Kwango kuwa sun zo cikin kwat da takalma masu ƙyalli a wannan zafin, suna taku ɗai-ɗai kamar ƙasar ta ubansu ce. Ƙamshin amiwo da soyayyar ayaba ya cika ko'ina. Senami na shawagi tsakanin tukwane da bakin titi, murya ta dushe, ido na kan hanya. Da ta hango tumbin Fofo Agbosu yana saukowa daga babur, sai da ta yi guɗa.

Aka fito da Ngalula cikin farin leshi, ta durƙusa gaban Tanti Akuavi. Tsohuwa ta zuba ruwa a ƙasa ta kira sunayen waɗanda suka koya mata. Sannan aka miƙo mata faffaɗan katakon nan mai mariƙi kamar muciya, wanda ake yi wa 'yar koyo dukan ƙarshe da shi a tafin hannu.

Ngalula ta zaro ido. "Senami! Ba ki ce da duka ba!"

"Miƙa hannu, 'yar Kinshasa! 'Yanci ba ya zuwa a banza!"

Wuri ya kaure da dariya. Tanti ta ɗaga katako. "Wannan na barkonon da kike cika mini a miya." Ta ɗan taɓa. "Wannan na waƙar da kike tashina da ita da asuba." Ta ƙara taɓawa. Ta ɗaga na uku, sai ta ajiye katakon a cinya. "Sauran na yafe."

Ta ɗauko mataji da almakashi da tsohuwar kibiyar kitsonta, ta danƙa mata a hannu, ta sa mata albarka: hannunta kada ya gaji, ƙofarta kada ta rasa mai shiga. Aka fara tafi, makaɗa suka ɗaga sanda, sai Tanti ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Kowa a nan ya san al'ada. Wadda aka 'yanta ba ta zama kusa da shagon uwar ɗakinta." Ta nuna saman ƙofa da maficinta. "To ni daga yau ba ni da shago. Ku sauke allon nan."

Senami ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofa. Allon da aka ce sai bayan rai! Mazan Kwango biyu suka tuɓe kwat, suka hau kujera suka ciro shi, suka jingine shi a gefen tsohuwa. Ba ta ko kalle shi ba.

Fofo Agbosu ya ajiye ƙashin kaza, ya goge hannu, ya matso. "Ke, mai farin kaya. Shagon nan na wa?"

"Nawa ne!"

"An 'yanta ki?"

Ngalula ta ɗaga tafin hannunta sama. "Ga shaida, har yanzu zafi yake!"

"To, abin da na gani shi zan rubuta," ya ce da Senami. "Ki zo mako mai zuwa ki karɓar mata katinta."

Senami ba ta san lokacin da ta jefar da jaka ta faɗa fili ba. Ganga ta ɗauka, kiɗan Kwango ya shigo ta kansa, aka rasa wa ke bin wa. Ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi, tana ihu tana faɗa wa duk wanda ta kama cewa ita fa ba a taɓa kayar da ita ba.

Da ta juyo neman Ngalula ta ja ta cikin fili, sai ta gan ta har yanzu a durƙushe gaban kujerar Tanti, ta riƙe yatsun nan da suka ƙi lanƙwasuwa. Senami ta matsa kusa.

"Na gode," Ngalula ke cewa. "Na gode, uwar..."

Ta tuna, ta dubi jami'in da ke tsaye, ta haɗiye sauran.

Tanti Akuavi ta dafa kanta. "Tsaya a nan," ta ce. "Haka ya isa."