Kwanon Safiya da Miyar 'Yan Caina

Miyar ta lalace, kuma ba ni na lalata ta ba. Wannan na faɗa tun ranar, har yau ban janye ba.

Sunana Ɗahiru, direba ne. A shekarar da aka sauya hannun tuƙi ina jan motar wani injiniya ɗan Caina mai aiki a masaƙa. Gidansa a Unguwar Rimi, ni kuma ina zaune a Hayin Banki da matata Safiya. Wata rana mura ta kama ni, ina ta tari a bakin gareji, sai matar maigidan ta fito mini da ɗan kwano yana tururi. Ban karɓa ba sai da ta shiga da ni kicin, ta nuna mini cewa kazar da na yanka musu da safe da hannuna ce a ciki, ba wani abu ba.

Romo ne garau, kana ganin ƙasan kwano. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle na fulawa suna yawo a sama, kowanne da nama a cikinsa, an naɗe shi kamar laya. Ta ce sunansa wantan. Na sha, gumi ya keto mini, hancina ya buɗe. Daga ranar duk sanda za ta yi, sai in sami dalilin tsayawa kusa da tagar kicin. Da ta gane sai ta kira ni ta nuna mini komai, da hannu da 'yar Hausarta.

To, a layinmu muna ciyayya. Bayan Magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa ƙofar Malam Zakari mai makarantar allo, a jera a tabarma a ci tare. Ba a ambaton matar kowa, amma kowa ya san kwanon kowa. Shekara goma sha ɗaya na Safiya ake fara suɗewa. Ba ta taɓa tambayata yadda aka ci ba. Tana dai ɗaga murfi in na dawo da shi, ta duba, ta ajiye.

A wurin nan na yi ta ba da labarin wantan, har aka gaji da ni. Nuhu mai kayan koli, wanda bakinsa ya fi tirensa kaya, ya ce wata uku ke nan ina ciyar da su da baki, in akwai abin nan a duniya a kawo shi kan tabarma. Na ce ranar Lahadi.

Na gaya wa Safiya yadda ake yi. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa.

"Malam, ni ba na dafa abin da na ji a bakin direba."

Na ce to zan yi da kaina. Ta dube ni, ta dubi madafi, ta ce ga wuta ga tukunya, amma in rufe ƙofar zaure tukuna don kada wani ya yi sallama ya ga abin da zai hana shi barci.

Na rufe. Na kwaɓa fulawa da ƙwai da gishiri da ɗan ruwa, na murza a bayan tire da kwalbar lemo har ya yi fele-fele, ana ganin zanen tiren ta cikinsa. Na yanyanka gida-gida. Ƙirjin kaza na sassara da wuƙa, na sa citta da tafarnuwa da lawashi, da baƙin ruwan gishirin nan nasu da Madam, matar maigidana, ta zuba mini a kwalbar magani. Ƙashin na dafa romo. Naɗin ne ya ba ni wuya. Yatsun da suka saba da sitiyari ba su san lallashi ba. Goman farko sun fito kamar an taka kwaɗo. Amma na kama hanya, na jera arba'in a faifai, sun yi kyau, ko Safiya da take leƙowa daga ɗaki ba ta sami abin cewa ba sai, wai duk wannan wahala don a ɓoye nama, kamar na sata ne.

Ina zuba su a romo aka kira Magariba. Na ce mata ta duba mini tukunya, in sun taso ta juye a kwano. Iyakar abin da na ce ke nan. Na yi alwala na fita.

Na dawo na tarar da kwano a rufe, an goge shi tas. Na ɗauka ban buɗe ba, don ina son su fara gani tare da ni. Na ajiye a tsakiyar tabarma, na rarraba cokula da na aro, na yi musu bayani cewa wannan ba a sa masa hannu, ba a kuma jiran tuwo. Sannan na ɗaga murfi.

Abin da ke ciki ya yi kama da kunun da aka yi wa baƙin ciki. Fari-fari, kore-kore, mai kauri, cokali yana tsayawa a ciki. Babu laya ko ɗaya. Ƙanshin daddawa ya bugi hancina, ni kuwa ban sa daddawa ba.

Aka yi bismilla, kowa ya ɗebi cokali guda. Ba wanda ya ƙara. Malam Zakari ya haɗiye nasa da ƙyar, ya kurɓi ruwa, ya tambaye ni a hankali ko mutanen gida lafiya. Nuhu ya ce lallai 'yan Caina suna da haƙuri, shi ya sa ba su da ƙiba. Ya ƙara da cewa hannu ma tsufa yake yi, ba laifin kowa ba ne. Na ɗauki kwano na koma gida da shi cike.

Na tambaye ta me ta yi wa miyata. Ta ce ta buɗe tukunya ta ga gudaji suna iyo, manya-manya, ga ruwa tsululu kamar na wanke hannu. Ta sa maburgi ta burge har suka narke, ta kaɗa 'yar kuka don ta kama jiki, ta jefa daddawa.

"Gudajin su ne abincin," na ce.

"A kwanona? Tunda aka kawo ni gidan nan gudaji bai taɓa fita ƙofar zaure ba."

Sai ta ɗaga murfi ta ga ba a ci ba. Ta mayar da murfin.

Washegari kafin azahar labari ya gama layi. Lami matar Nuhu ta aiko da ɗan ƙullin kanwa da gaisuwa, wai ta ji an sami matsala, in ana son taimako tana nan. Wata kuma ta aiko da tambayar ko ido ne ya fara ba Safiya wahala. Da yamma Safiya ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ƙanshi har waje. Ta zuba mini a ƙaramin kwano ta ajiye a ɗaki. Babban kwanon yana kife a kan randa.

Ta ce ba zai sake fita ba sai an wanke shi. Na ce ai ga shi a wanke.

"Ba da ruwa ba, Malam. Da bakinka."

Na ce ita ta burge. Ta ce ni na dafa. Muka tsaya a nan kwana uku. Ranar farko na ce musu ina da mura ban fita ba. Ta biyu na je da burodi, Nuhu ya tambaya ko shi ma na Caina ne. Ta uku na zauna hannu rabbana ina cin tuwon mutane, kowa yana tura mini kwano da tausayi, ana yi mini kallon wanda gidansa ya mutu. A ɗaki kuma na iske ta zaune ba ta kunna rediyo ba, ita da ba ta wuce shirin zaɓi sonka. Wannan ya fi tsaya mini.

Rana ta huɗu na jira aka zauna, na gyara murya, na ce abin ranar Lahadi ni na dafa shi, tun daga kwaɓi har wuta. Ban ambaci maburgi ba.

Nuhu ya ajiye lomarsa. Ya ce in yi masa a hankali, shi ba ya son ya rasa komai. Ni na kwaɓa? Na ce ni. Ni na hura wuta, a durƙushe? Na ce a durƙushe. Ya tambaya ko zani na ɗaura ko da wandon kaki na yi. Malam Zakari ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa.

"To sannu da aiki, Inna," in ji Nuhu. "Allah ya ba da ladan aure."

Washegari kwanon ya fita da taushe, aka suɗe shi kafin a taɓa na kowa. Sunan kuma ya zauna. Ya bar layinmu ya kai Kawo, ya shiga tasha, har masu faci suna ɗaga mini hannu da shi. Bayan shekara biyar Allah ya nufa na sauke farali, na dawo da haƙorin Makka, na ce to yanzu dai an rabu da sunan. Ina saukowa daga mota na ji Nuhu yana gaya wa jama'a su matsa, ga Alhaji Inna ya iso.