Sunan Ɗan Fari

Hammajoda ya buga ƙofar lori ya ce, "Theophilus, magana ɗaya nake nema. Baba ya miƙe gaban jama'a ya ce ku zaɓi Hammajoda. Wannan ma aiki ne?"

Direban ya goge hannu da tsumma. "Maigida, baba naka ne. Kai ka san halinsa."

Ya sani kuwa. Shekara talatin da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa Modibbo ba. Shi ne ɗan fari, Bafulatani kuma ba ya kiran sunan ɗan fari. A ruga kunya ce. A cikin birnin Bauchi, ana saura kwana uku zaɓen 1959, ta zama makami. Abokin takararsa Abdulsalami yana bin zauruka yana cewa, "Wanda ubansa ma ke ƙyamar sunansa, shi za ku tura majalisar Ikko?"

Fatu da ƙiraga Hammajoda ke saye, lorinsa biyu. Shi ne daga baya ya zama gwamna, ana share masa hanya da jiniya. Amma ran nan a filin Ƙofar Ran tsaye yake yana gumi cikin babbar riga, yana jiran tsoho ya buɗe baki.

Modibbo ya dogara sanda ya miƙe. Ya gai da malamai. Ya gai da masu unguwa. Ya ce Abdulsalami ɗan mutunci ne, ya san uban Abdulsalami, Allah ya yi wa Abdulsalami albarka.

Hammajoda ya ciji leɓe. Sau uku!

"Shi kuwa wancan mai lorin," in ji tsoho yana kallon ƙasa, "ba ni da abin faɗi a kansa." Ya zauna.

'Yan birni suka fashe da dariya, suka fara watsewa. Wani ya ɗaga murya, "Mai lori, sai dai haƙuri!"

Hammajoda ya juya zai tafi, sai ya ga Fulanin rugage ba su motsa ba. Dattijonsu Hammadu ya matso wurin Theophilus.

"Kai, wane akwatin ƙuri'a ne na yaron nan?"

"Baba, ba ka ji abin da tsoho ya ce ba?"

"Na ji. Modibbo da ba ya shiga taro, ya tako tun daga Fadaman Mada da ƙafa. Don ɗan wani zai yi haka? Nuna mana akwatin."

Hammajoda ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa. Har yanzu ransa a ɓace yake. Ƙuri'un birni sun tafi, na daji ko za su isa, Allah kaɗai ya sani.

"Baba, na gode."

Modibbo bai dube shi ba. Ya yafuto direba.

"Gaya wa maigidan nan naka hularsa ta karkace. Mutane na kallo."

Hammajoda ya sa hannu ya gyara ta.