Rediyo a Dandalin Masu Tsuntsaye

Duk layin da shagonsa yake, babu mai kiran mai askin nan da sunansa na gaskiya. Rediyo ake ce masa, shi ma da shi yake amsawa. Da zarar ka zauna a kujerarsa ya yafa maka ƙyalle a wuya, to ka gama magana sai sauraro. Ƙwallo ne, siyasa ce, ciwon baya ne, babu fagen da ba shi da ta cewa.

Wata safiya ya zame a matakalar shagon ya karya idon sawu. Aka ɗaure ƙafar a asibiti, likita ya ce ya zauna a gida. Gidan kuwa daga shi sai matarsa, wadda ke ɗinki a falo, sai wani kanari a keji kusa da taga. Ba a jima ba kanarin ma ya daina kuka, gashinsa ya riƙa zuba a ƙasan kejin.

"Kin ga ko tsuntsun nan ma tausayina yake ji," in ji Rediyo.

Matar ta tsayar da keken ɗinkinta. "Tausayi ko gajiya? Maigida, tun safe ka hana ni auna ko hannun riga ɗaya. Miƙo wayarka."

Ita tana cikin wani dandalin masu ɗinki a intanet, don haka ta san hanya. Ta nemo masa na masu kiwon tsuntsaye, mai mutane dubbai daga ƙasashe daban-daban, ta buɗe masa rajista da sunan Rediyo.

"Akwai dokoki a sama, ka fara karantawa," ta ce.

"Ni da nake tara jama'a kullum a shago? Ai ba a koya wa kifi iyo."

Ya gyara filo a ƙarƙashin ƙafarsa ya shiga rubutu. Ya gabatar da kansa, ya ba da labarin faɗuwarsa, ya soki masu yin matakala da tayil mai santsi, can a ƙarshe ya ambaci kanarin. Ya tura, ya ajiye wayar a ƙirji yana jiran tafi.

Har aka yi abincin rana babu wanda ya tanka. Rubutunsa ya nutse ƙarƙashin hotunan tantabaru da na ƙwai. Sai da yamma saƙo ya zo daga masu kula da dandalin: sun mayar da rubutun sashen lafiyar tsuntsaye, domin ya saka shi a wurin saye da sayarwa. Daga nan wani mai kiran kansa Barkono ya rubuta:

"Baba, tarihin ƙafarka muka zo ji ko na tsuntsu? Wannan tambayar an amsa ta har an gaji. Ka yi bincike kafin ka dame mu."

Wani ya ce a rufe kejin da zane, wani ya ce kada a kuskura. Su biyun suka kaure da musu kan wata tsohuwar rigimarsu, suka manta da Rediyo da kanarinsa.

"Ni wannan ɗan zai ce wa na dame su?" Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta tuna masa. "Da a shagona ne, da na aske masa rabin kai na ce wuta ta ɗauke."

Matar ta yi dariya har ta kifa kai a kan keke. "Baƙo ko da ido makaho ne. Ni ma ranar da na shiga namu, wata ce min ta yi ɗinkina kamar an yi da ƙafa."

Ya fara rubuta wa Barkono amsa mai zafi, sai ga saƙon wata da ake kira Inna Mai Aku. Ta yi masa sannu da jiki, ta nemi hoton tsuntsun. Da ta gani ta ce alamun sauya gashi ne, kanari yakan yi shiru a lokacin. Ta ce ya janye kejin daga iskar taga, in ya ga ya daina cin abinci ya kai shi wurin likitan dabbobi. Ta ƙara da cewa, "Kada Barkono ya kore ka. Bakinsa ne babu linzami, amma ya san tsuntsu."

Rediyo ya goge abin da ya rubuta. Bai fita daga dandalin ba, don shi ba mai barin fage ba ne. Ya koma ya karanta dokokin, ya bi tsofaffin tattaunawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake duba kan sabon mutum kafin ya kunna injin aski. A hankali ya gane wurin. Akwai masu sani da ba su cika magana ba, akwai masu magana a kan komai. Akwai masu shigowa don neman faɗa kawai, waɗanda maganinsu shiru. Ya ga kuma Barkono kowa yake yi wa haka, sabo da tsoho.

Ana nan, wata rana Barkono ya saka hoton keji babu kowa a ciki. Ya rubuta cewa akunsa, wanda ya yi shekara da shekaru tare da shi, ya mutu da safen nan. Nan da nan jama'a suka yi caa. Me ka ba shi ya ci? Ka kai shi likita kuwa? Wasu da ya taɓa yi wa tsiya suka samu dama, ɗaya har ya ce, "Ashe gwani ma tsuntsu na mutuwa a hannunsa."

Rediyo ya daɗe yana kallon hoton. Mutane da yawa sun zauna a kujerarsa bayan rashi, kuma duk surutunsa ya san ranar da ake rage murya a bar mutum ya yi magana. Ya rubuta gajeren saƙo:

"Sannu da rashi, ɗan'uwa. Wace magana ce ya fi yawan yi?"

Amsar ba ta zo da wuri ba, amma da ta zo doguwa ce. Barkono ya ce akun na yayansa ne da ya rasu. Ya iya dariyar yayan sak, har da ɗan tarin da yake yi a ƙarshe, kuma kullum ya dawo daga aiki da ita ake tarbarsa. "Yau na buɗe ƙofa ban ji komai ba," ya rubuta.

Inna Mai Aku ta ba da labarin nata mai kwaikwayon ƙarar waya, har ya sha sa ta tashi a guje. Wani ya kawo nasa, wani ma haka, har wanda ya yi gorin ya goge maganarsa. Rediyo ya karanta wa matarsa su duka, ita kuma ta bar ɗinkin ta juyo da kujera tana saurare.

Da aka kwance masa ƙafa ya koma shago yana dogara sanda. Tsakanin aski da aski yakan leƙa dandalin. Wata rana ya ba wani shawara kan girman keji, sai ga Barkono a ƙasa: "Baba, ba haka ba ne. Faɗi ake dubawa, ba tsawo ba."

Rediyo ya ƙyalƙyale da dariya, ya rubuta masa, "Na karɓi gyara, malam." Ya jefa wayar a aljihu, ya kakkaɓe kujera, ya dubi masu jira a benci.

"Wa ke biye? Zo ka zauna, yau akwai labari."