Fankoki a Shagon Ɗinki

Kwamfutar Malam Taswira ta mutu ne da hantsi, ranar da babu makaranta, yana zaune a gabanta da kofin shayi. Ta yi wani ɗan tari, ta saki ƙauri kamar an manta dutsen guga a kan riga, sai ta ce ga garinku nan. Ya danna, ya girgiza, ya hura mata iska da baki, har da lallashi. Ko gezau.

Malamin labarin ƙasa ne. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Taswira, don ko hanyar kasuwa ka tambaye shi sai ya nemi takarda ya zana maka. Amma abin da ya fi cin ransa ba a aji yake ba. Akwai wasu masu bincike da ke neman maganin cututtuka, lissafin ya fi ƙarfin injinansu, sai suka yayyanka shi ƙanana suna raba wa duk wanda ya yarda ya ara musu kwamfutarsa lokacin da ba ya aiki da ita. Ba a biyan kowa. Maki kawai ake rubuta maka, makin da ko ashana ba ya saye, amma sai ka ga dattijo da furfurarsa yana leƙa jerin sunaye safe da yamma don ya ga ko ya wuce wani. Malam na cikin waɗannan bayin Allah. Suna da zaurensu a intanet, kowa da sunan da ya raɗa wa kansa, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba.

To lissafin nan gasa kwamfuta yake yi, balle tsofaffin da yawancinsu ke fama da su. Ganin yadda ake ta asara ne ya sa Malam ya koya wa kansa rubuta manhaja, ya yi wata ƙarama ya sa mata suna Ɗan Gadi. Aikinta ɗaya ne: ta zuba ido a kan zafi, in ya yi yawa ta dakatar da lissafin, in an huce ta sake shi. Ya raba ta kyauta, ta zaga ko'ina, har mutane suka manta wani ne ya yi ta.

Yanzu ga shi masu binciken sun ce ƙarshen wata za su sauya tsari, kuma tsohon Ɗan Gadi ba zai gane sabon ba. In ba a gyara shi ba, ko dai kwamfutocin mutane su ƙone, ko su kashe su watse. Gyaran Malam ya fara. Don ya ga iya zafin da sabon tsarin zai kai, sai ya kashe Ɗan Gadi a tasa kwamfutar da hannunsa, ya tafi haɗa shayi.

Matarsa tela ce, shagonta na manne da gidan. Ƙaurin ne ya shigo da ita, da awo rataye a wuya.

"Me ya ƙone?"

Ya nuna mata, ya yi bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta cije leɓe, amma dariyar ta ƙwace.

"Wato mai gadin ya tsare gidan kowa, kai ka sallame shi daga naka."

"Gwaji nake yi."

"Ai kuwa ka ga sakamako." Ta ja kujera ta zauna. "Baban yara, mutum nawa ke amfani da abin nan naka?"

"Da yawa."

"Me suke ba ka?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Haba. Ai dukkanmu taimako muke yi."

"Su masu bincike suke taimaka wa. Kai wa ke taimakonka? Ni ko maɓalli na ɗora wa mutum, ya san ba da godiya na sayi zare ba. Albashinka ba zai kawo sabuwa kafin ƙarshen wata ba, ka sani, na sani. Ka ce su biya."

Ya yi ta kwana-kwana, ita kuwa ta kafe. Daga ƙarshe ya ɗauki waya, kunya kamar ta kashe shi, ya rubuta wa zaure. Sai dai hali ba ya ɓuya. Ya bayyana yadda fankar cikin kwamfutar ta daɗe tana kuka, yadda ta tsaya, yadda zafin ya bi ya cinye babban allon da komai ke manne a kansa. Har zane ya yi da kibiyoyi, ya ɗauki hoto ya tura. Can ƙasa, a layi ɗaya ɗan tsugul, ya ce ko mutane za su yarda su riƙa biyan wani abu kaɗan saboda Ɗan Gadi.

Zaure ya ɗauka. Amma ba kan kuɗin ba, kan fankar. Wannan ya ce ƙura ce, wancan ya ce mai ne ya bushe, wani ya rantse da ya kwantar da ita a gefe da ba ta mutu ba. Aka yi ta musu har kusan a ba hamata iska, a kan fankar da ta riga ta zama gawa.

Wanda ya fara taɓo zancen kuɗin shi ne Tsohon Direba. Shekara da shekaru sunansa ne a saman jeri, kuma yana ji da wannan matsayi fiye da yadda yake ji da haƙoransa. Ya rubuta cewa shi wutarsa yake ƙonawa, kwamfutarsa yake gasawa, bai taɓa neman ko sisi ba, don haka ba zai biya kowa ba. Ranar da ciniki ya shigo zauren nan, in ji shi, ranar zai naɗe tabarmarsa. Wata mai suna Ungozoma ta taso masa, ta ce in ba don Ɗan Gadi ba da tuni tasa ta zama toka. Ya ce ya sani, kuma ya gode, amma godiya daban, rasit daban. Jama'a da dama suka bi bayansa. 'Yan kaɗan suka turo abin da suka turo, da aka haɗa bai kai a sayi ko murfin kwamfuta ba.

Abin ya yi wa Malam ciwo, ciwo sosai. Ba rashin kuɗin ba ma, a'a, ganin cewa ya sauke girmansa ya roƙa, aka bi ta kansa aka wuce. Ya daina leƙa zaure. Da Ungozoma ta tambaye shi inda za a same shi, ya ba ta kwatancen shagon matarsa a taƙaice, ko zane bai yi ba. Matarsa ta lura da haka, ta san abin ya kai inda ya kai, ta rage tsokana.

Ana nan sai ga mai kai saƙo a babur da ƙaramin kwali. Tela ta buɗe da almakashi. Fanka ce, an naɗe ta a tsohuwar safa. Washegari kwali biyu: fanka, da wata fankar. Kafin mako ya zagayo, mai babur ya daina tambayar suna, sai dai ya yi hon ya miƙo.

Abin da Malam bai lissafa ba shi ne, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da dirowa ko kwali a ƙarƙashin gado cike da kayan tsofaffin kwamfutoci, waɗanda iyalinsa suka yi suka yi ya zubar ya ƙi. Ka ce su ciro kuɗi, sai ka ji wa'azi. Amma ka ce musu wani abu ya lalace, jikinsu har rawa yake yi. Kuma da yake fanka ya fi yi wa bayani, fanka kowa ya fara lalubowa, kowa yana zaton shi kaɗai ya yi wannan dabara.

"Baban yara, zo ka kwashe dukiyarka," in ji Tela. "Mai kawo ɗinki ta shigo ɗazu ta tambaye ni ko na canza sana'a."

Ba fankoki kaɗai ba, gaskiya. An turo wayoyi, da akwatin wuta, da ma'ajiyar bayanai, da ƙusoshi a cikin kwalbar magani. Malam ya baje su a teburin yanka yadi yana juyawa, murmushi na neman kufce masa yana dannewa. Komai ya samu sai abu ɗaya, babban allon nan, shi ne mai tsada, kuma in babu shi sauran duk tarkace ne. Ga wata ya tasam ma ƙarewa.

Ungozoma ta yi shela a zaure cewa duk wanda ke kusa ya zo shagon ranar hutu, a haɗa abin da ya samu a gani. Suka zo kuwa. Ita ce ta fara isowa, mace ƙatuwa mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren titi, da jakar sukundireba a hamata. Wanda ke kiran kansa Zaki ya zamo wani ɗan siririn mai sayar da magani, ko gaisawa yake yi sai ya sunkuyar da kai. Kowa ya shigo sai ya faɗi sunansa na zaure, a kwashe da dariya, a rungume shi. Tela ta ture kekunan ɗinki gefe, ta ɗora ruwan shayi, tana ta mita amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Ana cikin haka wani dattijo ya tsaya a ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga, ya rungumo wani abu a cikin tawul. Ya sha mur.

"Wane ne Taswira a nan?"

"Ni ne, Baba. Sannu da zuwa."

"Ni ne Tsohon Direba." Ya ajiye tawul ɗin a tebur a hankali, ya warware. Babban allo ne, goge tas, ko ƙura babu. "Ka ji da kyau, ba biya na yi ba. Ina nan a kan bakana."

"Na ji, Baba."

"To a kama aiki, me ake jira?"

Aka rufu a kai. Nan fa wata rigimar ta tashi, don kowa ya ce sai an sa fankarsa. Zaki mai kunya ma ya buɗe baki ya ce tasa ba ta da ƙara. Malam ya rasa wanda zai ɓata wa, sai aka yi ta ɗaurawa, gaba da baya, sama da gefe. Da gurbi ya ƙare Tela ta kawo tsumman yadi aka ɗaɗɗaure sauran. Direba na tsaye a kansu yana ba da umarni, kada a matse wannan, a bi wancan a hankali, wai allon yana da saurin fushi.

Malam ya yi bismilla ya danna. Abin ya ɗauki ruri kamar babbar mota za ta hau tudu. Iska ta kwashi ƙyallaye da takardun awo ta watsa, ɗankwalin da ke rataye ya tashi ya sauka a kan Zaki. Sai ga haske a gilashi, rubutu ya fito. Shagon ya kaure da tafi, Ungozoma ta rangaɗa guɗa har masu wucewa suka leƙo. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da ya ji daɗi irin wannan ya manta.

Ana shan shayi Ungozoma ta ja shi gefe, ta rage murya iya yadda muryarta ke raguwa, ta nuna masa jerin sunaye a wayarta. Tsohon Direba ya sauko na biyu. Makinsa ya tsaya cak tun jiya.

"Kwamfutar kenan gare shi," ta ce. "Guda ɗaya. Cikinta ya ciro ya kawo maka."

Malam ya juya ya dubi dattijon, yana can yana yi wa Tela bayanin yadda ake tsoma burodi a shayi ba tare da ya narke ba. Ya je ya durƙusa a gefensa.

"Baba, wannan ya yi yawa. Ba zan iya karɓa ba."

"Wa ya tambaye ka? In Ɗan Gadi ya mutu, ni da wa zan yi tsere? Da gawayi? Tashi ka yi aikinka."

Malam ya tashi ya zauna a gaban kwamfutar. Kafin ya taɓa gyaran, ya buɗe wurin da ake sa sunan wanda za a rubuta wa makin lissafi, ya goge Taswira, ya rubuta Tsohon Direba. Dattijon na tsaye a bayansa, ya karanta harafi bayan harafi. Ya buɗe baki zai yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Ya gyara murya, ya ce bari ya je ya duba motarsa, ya fita da sauri.

Duk wanda ke shagon ya ga lokacin da dattijon ya sauko daga bas ɗazu, amma babu wanda ya tanka. Tela ta ƙara masa shayi a kofinsa, ta rufe da faranti kada ya huce kafin ya dawo.