Famfon Baba Friday

"Riƙe nan," in ji Baba Friday, ya miƙo mini bakin bututun. Ya danna hannun famfon da babban yatsa, fetur ya tsarto mini a riga.

"Ka gani? Lafiyarsa lau. Ya fi ni lafiya."

A tabarma yake zaune ya jingina da bango, ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga silifa. Maƙwabcinmu ne a Birnin Kudu, katanga ce tsakaninmu. Mutumin Filato ne da ya tsufa a gyaran jiragen feshi. Da aka yi sabuwar jiha sai ya zauna nan yana gyara injinan ban-ruwa.

A shekarar nan tsuntsaye jan-baki suka sauka a kan dawar Fagam, har da gonar babana. Aka yi hayar wani tsohon ƙaramin jirgi ya yi musu feshi. Ya sauka a wani fili kusa da Gwaram, daga nan ya ƙi tashi. In an tayar da shi sai ya yi ta ruri, can allurar mai ta faɗi, inji ya yi tari ya mutu. Matuƙin, Kyaftin Bappa, ya ce famfon mai ne. Da aka kai Baba Friday a mota ya saurara, shi ma haka ya ce. Suka kwance famfon, na ɗauko masa a babur ɗin da nake acaɓa da shi lokacin.

Daga ranar Baba Friday bai sake iya fita ba. Ya buɗe famfon ya duba robar ciki, ya wanke ragar tace mai, ya mayar, ya sake buɗewa. A Fagam kuwa yara sun gaji da kaɗa gwangwani, tsuntsayen sun daina tsoro.

Matarsa Eunice ta shigo da kofi. "Friday, sha kunun nan. Gida duk warin fetur, ko ashana tsoron ƙyastawa nake."

"To ki dafa da hasken rana."

Ya kurɓa kaɗan ya kwanta rigingine, yana numfashi da ƙyar. Idonsa na kan kusurwar ɗaki, inda wani zanzaro ke shigowa ta taga da 'yar laka yana gini. Ya daɗe yana kallo.

"Yahuza, jirgin nan ya jima a filin kafin a tayar da shi?"

"Ya jima, Baba. Maganin feshin suka yi ta jira daga Kano."

Ya yi dariya, ta koma tari. "Tanki in bai shaƙi iska ba, ba ya sakin mai. Akwai ɗan bututu a ƙarƙashin fiffike. Ka ce wa Bappa ya zura waya a ciki. Ka mayar masa da famfonsa, ka ce mun ɗora wa famfon laifi a banza."

Na tafi Gwaram. Kyaftin Bappa ya zura wayar, busasshiyar lakar gidan zanzaro ta zubo masa a hannu, da 'yan tsutsotsi a ciki. Aka ɗaura famfo. Injin ya yi ruri, muka tsaya muna jiran tarin, bai zo ba. Da yamma jirgin ya tashi ya bi tsuntsayen makwancinsu. Babana ya tsira da kusan rabin dawarsa.

Da na dawo ana kiran magariba, na tarar an jera bencinan coci a ƙofar gidan. Mutanen unguwa na zaune, babu mai magana da ƙarfi. Eunice ta hango ni ta yafito ni.

"Jirgin ya tashi?"

"Ya tashi, Mama."

"Ya yi ta kasa kunne. Na ce masa daga nan ba a jin Gwaram."

Bayan an kai shi, na shiga taya ta fitar da kaya. An naɗe tabarmar, sifanoninsa na cikin kwanon sha. Ta ɗaga tsintsiya za ta kaɗe kusurwar, sai ta sauke. Zanzaron ya shigo ta taga da lakarsa, ya ci gaba da gini.