Motar Kyarketai Ta Mutu a Verba

Gaétan Pouliot ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun daina yarda ya durƙusa. A da kuwa shi ne mai tsaron ragar Kyarketan Brannock, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta ƙaramin rukuni, irin wadda 'yan wasanta ke ƙare rayuwa a mota daga wannan gari zuwa wancan. Motar kullum warin safa da man zafi take yi. Kowa a cikinta jira yake manyan ƙungiyoyi su kira shi. Shi Gaétan ya riga ya haƙura, furfura ta fara leƙowa, haƙoran gaba kuma tuni sun zube a fili.

Wata Lahadi da hantsi motar ta yi tari ta mutu a ƙauyen Verba. Tsoho Demchuk bakanike ya leƙa injin ya ce sai gobe. Koci ya yi ta ruwan ashar har ya gaji. Matan cocin ƙauyen suka cika 'yan wasan da perogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, mai zafi da man shanu.

Siggy, abokin zaman Gaétan a mota, ya zungure shi. "Tsoho, dubi tafkin can. Ko ƙashinka ya yi sanyi?"

Mutanen ƙauye ne ke wasa a kan tafkin da ya daskare, sun ajiye takalma biyu a madadin raga. Kyarketai suka ɗauko sandunansu suka shiga, Gaétan ya tsaya tsakanin takalman yana hamma. Sai ga wata mace cikin rigar aikin gareji ta sulalo, ta yi kamar za ta dama, ya bi, ta zura ƙwallon ta hagu.

Siggy ya faɗi yana riƙe ciki don dariya. "Wayyo! A kira jarida!"

"Santsi ne," in ji Gaétan.

"Ƙanƙara ce ai, malam," ta ce. "Tsaya da kyau in sake."

Ta kuwa sake. Halyna ce, 'yar bakaniken. Sun yi wasa har rana ta yi ja, ba alƙali, ba mai lissafi, har koci ya karɓi sanda. Gaétan bai tuna rabonsa da dariya a cikin raga ba.

Da kakar wasa ta ƙare ya dawo Verba, wai ya manta safar hannu. Bai sake tafiya ba. Ba a jima ba ƙungiyar ta watse, filinta ya koma kantin katako.

Bara Siggy ya rasu. Gaétan da matarsa Halyna suka bi tsohuwar hanyar zuwa jana'iza. 'Yan Kyarketan da suka saura ba su cika benci ɗaya ba, wannan da sanda, wancan ba ya ji sai an ɗaga murya. Bayan an gama suka zauna shan kofi, ɗaya ya ce, "Tsoho, tsakaninka da Allah, da gangan ka bar mata ta zura ran nan a tafki?"

"Ka ba shi takalmin ƙanƙara mu fita yanzu," in ji Halyna.

Aka yi dariya har da hawaye. A hanyar gida ita ta karɓi tuƙi. Gaétan ya jingina kai da gilashi yana kiran sunayen garuruwan da suke wucewa, har barci ya ɗauke shi.